Saƙon da Aka Ɗinka Sau Biyu

Da hantsin ranar Alhamis, ranar da motar alhazai za ta tashi zuwa Jidda, aka farke saƙon Hajiya Hadijatu a ƙofar wani masauki a unguwar Misfala da ke Makka, aka tarar babu komai a ciki sai tsofaffin shafukan kalanda.

Ƙanenta Mukhtaru, alhajin da zai kai saƙon Kano, shi ne ya farke shi, a gaban mutane kuwa. Ma'aikacin banki ne ya kira shi daga Kano, ya ce a ɗauko masa hoton shafin ƙarshe ya ga ko hatimi ya fito sosai. Mukhtaru ya ari reza, ya yanka gefe ɗaya na farin ƙyallen da aka ɗinke takardun a ciki, ya zura hannu, ya zaro jadawalin lokutan salla na shekara huɗu da suka wuce. Waɗanda ke wurin sun ce sai da ya juya shafukan gaba da baya har sau uku, kamar za su sake shawara.

Ba ƙananan takardu ba ne suka ɓace. Shekara goma sha tara Hajiya Hadijatu tana tuƙa tuwo tana kai wa alhazai masaukansu, da haka ta tsayar da gida a Kano da bashin banki, ta sa mahaifiyarta a ciki. Shekarun annoba, da alhazai suka ɗauke ƙafa, biyan ya tsaya. Da ƙyar bankin ya yarda a sabunta yarjejeniyar, a shimfiɗa abin da ya rage a kan ƙarin shekaru. Sharaɗin shi ne ta sa hannu a gaban jami'i a ofishin jakadanci da ke Jidda, ainihin takardun kuma su isa Kano kafin Litinin, in ba haka ba a sa gidan a kasuwa. Mako bakwai ta jira kafin a ba ta ranar ganin jami'in nan. Babu wasu mako bakwai.

Misfala ba ta jiran alƙali. Kafin shayin da ke hannun mutane ya huce an gama shari'a, an ce Mukhtaru ne. Ba dillalin filaye ba ne a Kano? Wa ya fi shi sanin nawa gidan zai yi in aka kaɗa masa ƙararrawar gwanjo?

* * *

Ba wanda ya kira Baba Awwalu. Shi ma bai taɓa jiran a kira shi ba.

Tsoho ne dogo siriri, haifaffen wajen Abeshe a ƙasar Chadi, inda ubansa ya koya masa bin sawun raƙuman da aka sace. Da ya zo Makka ya tarar ba raƙumin da ke ɓata sai mutane, sai ya koma nemo alhazan da suka ɓace tsakanin Muzdalifa da Mina. A nuna masa takalmin tsohuwa ɗaya, zai faɗi ƙafar da take ɗingisawa da inuwar da za ta nema. Ciwonsa ɗaya, ba ya iya ganin abin da bai gane ba ya wuce. Sai ya tsaya, ko da abincinsa na hucewa.

Ya kutsa cikin taron, ya tarar da Hajiya Hadijatu zaune a kan buhun wani, mayafinta ya zame, idonta jawur.

"Baba Awwalu," ta ce, "ba na son a kira shurɗa, 'yan sandan nan. In suka riƙe Mukhtaru jirgi ya tashi, ko an ga takardun wa zai kai? Ka nemo mini su, don Allah. Bayan la'asar motar za ta tashi."

Ya miƙa hannu aka ba shi ƙyallen. Ya matsa gefe, ya juya wa mutane baya, ya ɗaga shi sama. An ninka shi biyu, an ɗinke gefe uku, an rubuta suna da biro, yadda kowa ke yi in zai ba alhaji saƙo. Gefe ɗaya reza ta cinye. Na biyu ɗinkin mace ne, ƙanana a matse. Na ukun kuwa ramukansa manya ne, tazararsu yatsa bibbiyu, layin yana ɗan karkacewa, a ƙarshensa an bar wani ɗan zobe na zare. Ya shafa zoben da babban yatsa. Ya san ya taɓa ganin irinsa, amma inda ya gan shi ya ƙi zuwa. Ya ninke ƙyallen ya sa a aljihu bai nuna wa kowa ba.

Ya ja Mukhtaru ƙarƙashin bene. Mutumin yana ta zufa, yana rantsuwa tun kafin a tambaye shi.

"Bar rantsuwar tukuna, za ka buƙace ta a filin jirgi. Yaushe aka ba ka?"

"Jiya da safe, Baba. Yaya da kanta ta sa mini a hannu."

"Ina ya kwana?"

Mukhtaru ya ɗaga riga, ya nuna jakar da ke ɗaure a cikinsa. "Nan, tare da fasfo. Ko wanka na shiga, a leda na sa shi na rataya ina kallonsa."

Baba Awwalu bai kalli jakar ba, wuyan rigar yake kallo. Maɓalli ya cire, an kama wurin da fil. Ya leƙa kayan Mukhtaru da ke jingine da bango, ya ga jakar da ta yage an naɗe ta da salatef kamar mai karaya.

"Ka iya ɗinki?"

"Ni? Ko zare ban taɓa sa wa allura ba."

"Zuwanka Makka na nawa ke nan?"

"Na fari."

Tsohon ya sake duba shafukan kalandar. Bugun Makka ce, ta sha hayaƙin girki har ta yi ja. Baƙon da ya yi mako biyar a gari ba shi da inda zai samo kalandar shekara huɗu. Irin wannan sai gidan da ba a zubar da komai.

"Je ka ɗaure kayanka," ya ce. "Tun kafin saƙon nan ya zo hannunka aka yi masa aiki."

* * *

Gidan su Hajiya Hadijatu ɗaki biyu ne da falo a hawa na uku. Baba Awwalu ya hau yana kallon ƙasa don sabo, yana tsaki. Duk garin an shafe shi da tayil, ko giwa ta wuce ba za ta bar maka komai ba.

"Ran Lahadi muka dawo daga Jidda, ni da yarinyar," in ji Hajiya, tana nufin 'yarsu Ikram. "Da yamma na ɗinke, na sa a kabad ɗin ɗakin Malam. Can ya zauna Litinin da Talata."

"Wa ke gida a kwanakin nan?"

"Ba kowa. Ni ina rabon abinci, ita tana wurin aiki."

"Ba kowa?"

"Sai Malam, yana kwance."

Baba Awwalu ya lura da yadda ta faɗe shi. Ya daɗe da sanin cewa mutane in suna ƙirga na gida, ba sa sa wanda ke kwance.

Malam Idris, maigidan, tsohon abokinsa ne. Shekara arba'in ya yi yana ɗinke buhunan alhazai a wurin awon kaya, har ciwon zuciya ya kwantar da shi, hannu ya kama rawa, ido ya yi hazo. Yana jingine da matashi, ya juya fuska wajen taga.

"Awwalu ne? Tun daga bene na ji takunka. An ce an yi mana ɓarna."

"An yi. Ba ka ji shigowar kowa ba?"

"Maƙwabciyarmu Ramlatu ta shigo ran Litinin. Ban da ita, sai barci da ni."

Suka taɓa hira kaɗan, ta ciwon gwiwa da tsadar iƙama, wato takardar izinin zama. Bakin Baba Awwalu na hira, idonsa na yawo. Kabad ɗin ba a fasa shi ba. A samansa akwai akwatuna biyu da ƙurar gine-gine ta yi wa fari fat. Tsakaninsu da wani ɗauri na farin yadi, likkafanin Malam Idris ne, wanda ya wanke da zamzam ya shanya tun yana da ƙarfi, kamar yadda tsofaffin unguwar ke yi. Shi ɗaurin babu ƙura a kansa. Wani ɗan ƙamshin kafur kuma yana yawo a ɗakin.

Baba Awwalu ya ji tambaya ta taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta. Ba a tambayar mai rai dalilin da ya sa ya taɓa likkafaninsa.

* * *

Bai sha wahalar neman Ramlatu ba, tana bakin ƙofarta tana jiran ya fito. Mai sayar da lalle ce, kuma ita ta fi kowa ɗaga murya a kan Mukhtaru da safe. Da ta ji an ce ba shi ba ne, ko gezau ba ta yi ba, ta sauya sheƙa nan take.

"To ai dama ni zuciyata ba ta kwanta da yarinyar nan ba. Ran Asabar har nan nake jin su. Uwar na cewa gidan Kano, gidan Kano, ita kuma tana ihu da Larabci wai ba inda za ta. 'Ya'yan da aka haifa a nan, Baba Awwalu, ka ce musu Kano kamar ka ce musu kurkuku."

"Ke kuma me ya kai ki ɗakin ran Litinin?"

Ta dafe ƙirji. "Ni? La ilaha illallahu! Yanzu kuma ni ce?"

"Tambaya na yi. An gan ki."

"Aro na je! Baƙuwata ce buhunta ya fashe, na je aron basillar Malam, babbar allurar nan tasa. Shekara nawa tana soke a jikin labulen falo, kowa a benen nan ita yake ara. Na duba babu. Na leƙa na tambaye shi, ya ce bai sani ba, wataƙila yara sun ɗauka. Waɗanne yara? Gidan nan rabonsa da yaro tun Ikram na rarrafe."

"Da wane lokaci?"

"Wajen ƙarfe goma. Na ma same shi a zaune, na ce masa yau jiki ya yi kyau ke nan."

Baba Awwalu ya yi mata godiya sosai, har ta rasa me ta faɗa da ya cancanci haka. Ta bi shi da kallo tana jin kamar an saye mata kaya da araha.

* * *

Ikram tana aiki a wani kantin turare kusa da Harami. Shekarunta ashirin da biyar, Hausarta kuwa sai ta jingina da Larabci take iya tsayuwa. Ta fito bakin kanti tana gyara niƙabi, ranta a ɓace.

"Ya ammi, kawu, na san me suke cewa. Wallahi ba ni ba ce. Ni na ɗauki hutu na tuƙa Ummi har Jidda, na zauna awa huɗu a layi. In ba na so, ai sai in ce mota ta lalace, khalas, shi ke nan."

"Amma kun yi faɗa."

"Mun yi. Sau ɗaya na je Kano, suka yi ta dariyar maganata, suna ce mini Balarabiya. A nan kuma a ce mini 'yar Afirka. Na ce mata ni ba zan koma inda ban fito ba. Amma gidan, jaddati ke ciki, kakata. Zan sa a fitar da tsohuwa a titi?"

"Miƙo hannunki."

Ta miƙa tana mamaki. Farata dogaye, sun sha gyara. Basilla ba ta shiga yadi sai an danna ta da ƙarfi, tana barin shaida a yatsa. Nan babu ko ƙwarzane.

"Ranar da kuke faɗan, babanki me ya ce?"

"Abuya? Wala kalma, ko uffan. Tun da Ummi ta fara zancen takardun nan ya daina magana. Da har labari yake ba ni, yadda babansa ya taso da ƙafa daga ƙasar Hausa, aka haifi Abuya a hanya a gonar auduga a Sudan, suka iso nan yana shekara bakwai. Yanzu sai ya juya wa bango fuska." Ta tsaya, ta kalle shi. "La, ya ammi. Kada ma ka fara. Mutumin da kofin shayi ke zubewa a hannunsa?"

"Ban ce komai ba."

Aka kira azahar. Ya bi sahun mutane ya yi salla, amma Allah ya yafe masa, rabin hankalinsa na cikin aljihu.

* * *

A ɗakinsa Baba Awwalu ya samu amsar, a ƙarƙashin gado. Wani buhu ne da ya cika da dabino da yaduka da carbi shekara goma sha biyu da suka wuce, zai aika wa 'yar'uwarsa a Abeshe. Kafin ya sami mai tafiya aka aiko masa ta rasu. Bai aika ba, bai kuma iya buɗewa ba.

Ya jawo shi, ya kaɗe ƙura, ya ɗora ƙyallen a kan bakin buhun. Tazara yatsa bibbiyu. A ƙarshe ɗan zobe na zare.

Sai yanzu ya tuna. Masu ɗinkin buhu na da, kafin zuwan injin naɗe kaya da leda, suna da ƙullinsu. Sukan bar zobe, don in masu duba kaya sun ce a buɗe, a ja shi sau ɗaya ɗinkin ya warware, ba sai an yanka wa alhaji buhu ba. A duk Misfala mutum uku suka iya shi. Biyu suna ƙasa.

Kullum in ya kai ƙarshen sawu yakan ji daɗi har cikin ƙashinsa. Yau bai ji ba, baƙin ciki ya ji. Ya san wanda ya yi, ya san inda takardun suke, amma dalilin ya ƙi fitowa, shi kuwa dalili ne ke hana shi sukuni. Ya tura buhun inda yake, ya ɗauki sandarsa.

* * *

Ya tara su a ɗakin Malam Idris, wai don kada a bar maigida a baya. Hajiya Hadijatu ta zauna a bakin gado. Ikram ta baro kanti ta tsaya jikin ƙofa. Mukhtaru ya zo da jakarsa a kafaɗa yana duban agogo. Ramlatu ba a gayyace ta ba, amma ta riga kowa samun wuri.

"Sawu biyu ne a jikin ƙyallen nan," in ji Baba Awwalu, ya shimfiɗa shi a gwiwarsa, can nesa da gado. "Na Hajiya, da na wanda ya buɗe ya mayar. Mukhtaru bai iya riƙe allura ba. Ikram hannunta bai taɓa basilla ba. Ramlatu kuwa ta zo neman basillar ne ta tarar wani ya riga ta."

"Na faɗa muku!" in ji Ramlatu.

"Saura in ga cikin ɗinkin. Mukhtaru, ba ni rezar nan in yanka wannan gefen."

Mukhtaru ya laluba aljihu ya miƙo. Baba Awwalu ya ɓare takardar rezar a hankali, yadda kowa zai ji ƙararta.

"Kai, kada ka yanka!" Muryar daga kan gado ta fito, da ƙarfin da aka manta tana da shi. "Ja zoben kawai."

Malam Idris, da ba ya gane fuskar mutum sai ya matso kusa, yana kallon taga, bakinsa a buɗe. Shekara arba'in yana hana mutane yanka ɗinki, yau bakin ya riga shi.

Baba Awwalu ya sa yatsa ya ja. Zaren ya zare sumul daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Hajiya ba ta barin zobe a ɗinkinta, Idris," ya ce a hankali. "Wa ya gaya maka akwai shi?"

Tsohon bai yi musu ba. Ya ɗaga hannunsa mai rawa ya nuna saman kabad. "Suna cikin yadina. Na san ba mai buɗe shi sai ranar da ba a iya tambayata."

Ramlatu ta soma salati. Ikram ta zame ta zauna a ƙasa. Hajiya Hadijatu ta miƙe, ta taka kujera ta sauko da ɗaurin, ta warware shi a kan gado. Ƙamshin kafur ya cika ɗakin. Ga takardun nan a tsakiya, da hatiminsu, ko lanƙwasa ba su yi ba. Ga basillar a soke a gefe.

"Malam," ta ce, "shekara goma sha tara ina tsaye a kan wuta. Inna tana cikin gidan can. Me na yi maka?"

"Ba ki yi mini komai ba."

"To don me?"

Baba Awwalu ya matso da kunne, don wannan ce tambayar da ta hana shi zama.

"Kullum zancenki gidan Kano, a gyara ɗakin Kano, kada a rasa gidan Kano," in ji Malam Idris. "Na ga iƙama tana tsada, na ga ni ba na kawo komai. Na ce shi ke nan, da takardun nan sun tafi, sai a sa ni a keken marasa lafiya a tura ni jirgi. Hajiya, ubana shekara tara ya yi a hanya don ya kwanta a garin nan. Yana maƙabartar Ma'ala. Ni kuma da aka kawo a kafaɗa, sai a mayar da ni in mutu inda ban san kowa ba? Na ce in babu gidan, babu inda za a kai ni." Ya share ido da bayan hannu. "Na ɗauko ashana sau biyu. Sai in tuna Inna. Shi ya sa ban ƙona ba, ban kuma iya mayarwa ba."

Hajiya Hadijatu ta dube shi. Fushin da ke fuskarta ya sauka, wani abu da ya fi shi nauyi ya maye gurbinsa.

"Ramlatu, ɗan ba mu wuri," ta ce. Ramlatu ta fita, ko da yake ba ta wuce bayan ƙofa ba.

"Wa ya ce maka da kai zan tafi?"

Ya juyo.

"Likita ya gaya mini abin da ya gaya mini tun watan azumi. Zamana a ƙasar nan a kan sunanka yake, ka sani. Ranar da aka ɗauke ka daga ɗakin nan aka kai ka Harami aka yi maka salla, ni kwanakina ƙirgaggu ne. Yarinya tana da aikinta, za ta zauna. Ni fa? Ina zan dosa?" Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Gidan nan ba don in kai ka ba ne, Malam. Don in sami inda zan koma ne bayan na binne ka a nan. Ta yaya zan dubi idonka in faɗi haka kana numfashi?"

Baba Awwalu ya sunkuyar da kai. Ya bi sawu iri-iri a rayuwarsa, bai taɓa ganin mutum biyu a ɗaki ɗaya sun ɓace wa juna haka ba, kowa yana jin nauyin ɗan'uwansa.

Daga nesa aka fara kiran la'asar.

"Yaya," in ji Mukhtaru a ɗarare, "mota."

Ta jera takardun, ta mayar da su cikin ƙyallen. Ta zare basillar daga jikin yadin, ta sa mata zare, ta kamo hannun mijinta ta danƙa masa.

"Ɗinke. Nawa ɗinkin ba ya kai naka ƙarfi."

Hannun yana rawa, sai ta riƙe masa bakin ƙyallen da hannu biyu. Ya bi gefen da reza ta yanka, ya bi wanda aka zare, yatsa bibbiyu, ba tare da ya duba ba. Da ya kai ƙarshe ya ƙulla, ya bar zoben.

"In sun ce a buɗe," ya ce wa Mukhtaru, "kada ka bari su yanka."

Mukhtaru ya cusa saƙon a jakar cikinsa ya sauka da gudu, Ikram na bayansa da makullin mota. Baba Awwalu ya miƙe, ya dafa kafaɗar abokinsa, ya nufi ƙofa. A bakin ƙofar ya waiwaya, don ba ya iya fita daga wuri bai waiwaya ba.

Hajiya Hadijatu ta naɗe likkafanin yadda yake, ta ɗaure. Ta taka kujera, amma ba ta mayar da shi tsakanin akwatunan ba. Ta tura shi can baya, jikin bango, ta jawo akwatunan biyu ta tare gabansa.